Penitentes na Meksiko: tubabbu ne ko masu tuba?

'Yan'uwa masu aikin fassara, ku zo mu yi shawara. Ina fassara wani rahoto a kan yadda Kiristocin Meksiko ke raya Mako Mai Tsarki, wato makon da ke ƙarewa da Ista, sai kalma ɗaya ta Sifaniyanci ta tsaya mini a wuya: penitentes.

Bari in nuna muku mutanen tukuna. A garin Tasko na jihar Gerero, garin maƙeran azurfa, maza kan fito cikin dare fuska a rufe da baƙin ƙyalle, babu riga, babu takalmi. An ɗaure wa kowanne damin itacen ƙaya a bayan wuya, hannayensa a miƙe an haɗa su da damin, nauyinsa kan kai kilo 40. Wasu suna riƙe da gicciye, in an tsaya su durƙusa su riƙa tsula wa bayansu bulala. Mata kuma suna tafe a sunkuye cikin baƙaƙen kaya, kyandir a hannu, sarƙa a idon sawu tana jan dutsen titi. An rufe fuskar ne don kada a san ko wane ne. Abin tsakaninsa da Ubangijinsa ne.

Da farko na rubuta "tubabbu". Da na karanta da ƙarfi sai na soke. Duk mai sauraren rediyo a yau, in ya ji tubabbu, 'yan bindigar da suka ajiye makamai ne za su zo masa a rai. Ba zan ɗora wa mai ibada wannan kaya ba.

Wani abokin aiki ya kawo "masu azabtar da kai". Wannan hukunci ne na ɗan kallo, ya ga jini bai ga niyya ba. Ban ɗauka ba.

Malam, kai da ka ce "masu kaffara", na daɗe ina juya taka, don ta kusa. Matsalarta biyu. A kunnen Musulmi kaffara tana da ma'auni sananne: azumin wata biyu a jere, ko ciyar da miskinai 60. Abin Tasko ba shi da irin wannan ƙa'idar. Sannan wata yaya tawa Kirista daga Wusasa ta ja hankalina cewa a wurinsu kafara aikin Almasihu ne a kan gicciye, ba abin da mutum zai biya da fatar bayansa ba. Kalmar da za ta rikita Musulmi ta kuma sosa ran Kirista, gara a bar ta.

Ita ce ma ta tambaye ni: su da bakinsu me suke cewa suna yi? Nan na gano wata kalmar ta Sifaniyanci, manda. Mutum ya yi wa Allah alkawari cewa in ɗansa ya warke, ko ya fita daga wata masifa, zai yi kaza. Ai wannan bakance ne, ba ragi ba ƙari! A Istapalapa, cikin birnin Meksiko, annobar kwalara ta yi ɓarna a 1833, mutanen wurin suka yi bakance, kuma tun 1843 suke wasan kwaikwayon shan wahalar Yesu kowace shekara, har a hau tudun Sero de la Estereya ranar Juma'ar da ake tuna gicciye shi. Waɗanda ke bin sahu cikin riguna masu ruwan shunayya, da rawanin ƙaya, kowa da gicciyensa a kafaɗa, da yawansu bakance suke cikawa. Saboda haka manda ta samu gida.

Amma ba kowane mai damin ƙaya ne ya yi bakance ba, wani zunubinsa ne ya fito da shi. Sai na koma kan tuba, na lura Hausa ta riga ta raba mana gardama. Tubabbe ya gama, an shaida, an karɓe shi. Mai tuba kuwa yana kan yi, bai san ko an karɓa ba, shi ya sa yake tafe ba takalmi a kan duwatsu.

Don haka a rahoton na sa "masu tuba" a gurbin penitentes, na sa "bakance" a gurbin manda. 'Yan'uwa na Katolika a Kafanchan da Zonkwa, in akwai kalmar da kuke amfani da ita a coci lokacin Hanyar Gicciye, ku faɗa mini kafin ranar Alhamis, kafin in miƙa aikin.