Kujerar dama a babban kamfani, ko in jira ta hagu a inda nake? Don Allah a ba ni shawara

Ɗan Funtuwa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, kwana uku ke nan barci ya ƙaurace mini. Ni matuƙin jirgi ne, a kwalejin Zariya na yi karatu na fito da lasisin CPL, wato na tuƙin jirgin kasuwanci, sai na shekara uku cur a gida. Wanda ya san harkar ya san abin da nake faɗa: ka fito da awa 200 da 'yan kai, duk ƙofar da ka ƙwanƙwasa a ce sai mai awa 500 ko 1,000, ko mai retin, wato shaidar horo a kan irin jirginsu. To a gidan wa za ka samo awoyin in ba a ɗauke ka ba? Kuɗin karatun nan kuwa gonar audugarsa ta hanyar Bakori Baba ya sayar, kawuna ya cika sauran, har yau in muka haɗu a wajen biki sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. A shekarun zaman nan shagon waya na tsare wa yayana a Kano, yara suna zuwa suna cewa "Kyaftin, nawa caja?" Ga lasisi ba ya jiran mai shi, duk shekara sai an sabunta gwajin lafiya, daga aljihun Baba dai.

Da Allah ya kawo mafita, wani ƙaramin kamfanin shata a nan Legas ya ɗauke ni a jirgi mai farfela, muna kai ma'aikata Fatakwal da Warri. Yanzu awata 1,300. Maigidanmu ya yi mini alkawarin kujerar hagu, wato ta kyaftin, da zarar na cika 1,500 na karɓi ATPL, babban lasisin da ake zama kyaftin da shi. Ana haka sai wani babban kamfani ya kira ni, mataimakin matuƙi, wato kujerar dama, a jet ɗin Boeing 737, su za su kai ni waje in yi retin, amma da bon na shekara biyar, wato takardar da in na bar su kafin wa'adin zan biya kuɗin horon. Ga bikina bayan Babbar Sallah, ga shi a ɗakin ɗan goggona nake raɓe a Agege. Yaya zan yi?

Baba Kyaftin: Wa alaikumus salam. Ɗana, wannan har tambaya ce? Tashi ka tafi. Shekara 30 na yi a sama kafin in ajiye, ban taɓa ganin wanda ya ƙi jet ya zauna a farfela ya yi farin ciki daga baya ba. A babban kamfani layi ake bi, ranar da ka shiga ita ce lambarka. Wanda ya riga ka shiga da mako guda shi zai riga ka zaɓar hutu, ya riga ka hawa babban jirgi, ya riga ka ɗaura igiya huɗu, alamar kyaftin a kafaɗa. Kowane wata ka ƙara kana jan ƙafa, mutum biyar sun shige gabanka. Sa'an nan in tambaye ka, awar dare nawa gare ka? ATPL ba 1,500 kaɗai ba ce, a ciki sai da 100 na dare. Ku 'yan shata da kuke zuwa filayen da ake rufewa da faɗuwar rana, a ina za ka same su?

Ɗan Funtuwa: Baba, Allah ya ƙara girma. Na dare 46 gare ni. Amma maigidanmu ya ce zai riƙa sa ni a tashin Abuja na yamma don su cika.

Baba Kyaftin: "Ya ce." A rubuce ya ba ka?

Injiniya na Mafoluku: Ƙanena, kafin maganar lamba da layi, bon ɗin nawa ne, kuma da wane kuɗi aka rubuta shi? Wannan ba ka faɗa ba, alhali shi ne kan zancen. In da dala aka ɗaure ka kuma da naira za a biya ka, ka tuna abin da ya faru daga Yunin 2023 da aka saki naira: wanda ya sa hannu dala tana ƙasa da 500 ya wayi gari ta haura 1,500, bashinsa ya ninka uku yana zaune. Ka duba ko yana raguwa duk shekara, ko kuwa ko saura wata ɗaya ka fita sai ka biya shi cif. Ka duba me takardar ta ce in su suka sallame ka, ko ka faɗi gwajin similata, wato na'urar kwaikwayon tuƙin jirgi, ko likita ya hana ka tashi. Ni na ga abin da ya ishe ni. Wani kamfani da na yi wa aiki, ba zan kama suna ba, wata bakwai ba albashi, muna kwana a ƙarƙashin jirgi muna ɗaure noti, manya suna sauya mota. Da na ce zan tafi sai aka zaro mini takardar kwas ɗin da suka tura ni, wai in biya. Har yau kuɗin fanshona da aka yi ta cirewa ban ga inda aka zuba su ba. Mun kai kuka ƙungiyarmu ta matuƙa da injiniyoyin jirgi, NAAPE, an zauna, an rubuta wasiƙu, kamfanin ya riga mu rufewa.

Ɗan Funtuwa: Yaya Injiniya, wannan ba irin waɗancan ba ne, babban kamfani ne, jiragensa suna fita har waje. Kuma kowa da aka ɗauka tare da ni irin takardar aka ba shi.

Injiniya na Mafoluku: Ban tambaye ka girmansa ba, nawa ne na ce.

Na Doha: Da girmamawa ga Baba, ni ban yarda da tafiyar gaggawa ba. Wancan tsarin lamba da ba a tsallakewa na ƙasashen da ƙungiyar matuƙa ke da haƙori ne, irin Amurka. A gida sau nawa muka ga mataimaka suna jiran layi, kamfani ya ɗauko kyaftin daga waje ya ɗora a kujerar hagu saboda ya yi hayar jirgi da matuƙansa? Awar da ka yi kana shugaban jirgi daban take a littafin awoyi, babu mai ƙwace maka ita. Saura maka awa 200 kacal. Ka cika, ka karɓi ATPL, ka yi ko shekara ɗaya da igiya huɗu, sai ka nemi jet kana da abin ciniki a hannu. Girman kamfani kuma ba ya hana shi faɗuwa. Nigeria Airways ta tsaya a 2003, Air Nigeria a 2012, Arik da ta fi kowa jirage a lokacinta hukumar karɓo basussuka ta AMCON ta karɓe ta a 2017. Ina Okada, ina Bellview, ina Chanchangi?

Baba Kyaftin: Kai da kake Doha, da awar farfela suka ɗauke ka? Ka faɗa wa yaro gaskiya mana. Kamfanonin Larabawa jet suke tambaya, mai nauyi, mai matuƙa biyu. Kamfanonin da ka lissafa kuwa hujjata ce ba taka ba: da suka rufe, wa ya samu aiki washegari? Mai retin na 737, don jirgi ne da ke ko'ina a duniya. Mai ƙaramar farfela shi ya koma sayar da katin waya. Ku yaran yanzu kuna son igiya huɗu don a ɗauki hoto a sa a Facebook. A zamaninmu sai ka shekara takwas a dama kana karanta takardar dubawa kana cewa "to Yallaɓai", ba ka isa ka ɗaga ido ba, shi ya sa muka iya sauka a Kano cikin hazon Janairu da ido bai ganin ƙarshen titi.

Na Doha: Baba, da jet suka ɗauke ni, gaskiya ne. Amma bon ɗin da na biya kafin in fito, filin mahaifiyata ya ci.

Maman 'Yan Biyu: Ni matar matuƙi ce, bari in faɗi wanda maza ba za su faɗa ba. Ƙanena, amaryar nan ta san abin da za ta shigo? Rosta, wato jadawalin aiki, ba ta san Juma'a ba, ba ta san Sallah ba, sabon shiga kuma shi ake jibga wa tashin asuba da jiran ko-ta-kwana. Jirgin ƙarfe 6:30, ƙarfe 4 maigida ya fita, Asuba a filin jirgi yake yin ta. Legas zuwa Abuja, a dawo, a tafi Fatakwal, a dawo, sawu huɗu a yini, in an samu jinkirin mai ko hadari sai 11 na dare. Sunan 'yan biyuna yana otal a Inugu, jirgi ya lalace. Dangin miji kuma gani suke kuɗi muke haƙa, kowa da buƙatarsa, wannan kujerar Makka, wancan tikiti kyauta, ni ce kullum muguwar da ta hana. Shekara shida ina Legas, ko sau ɗaya uwar mijina ba ta tambaye ni yadda nake kwana ni kaɗai da yara ba. In za ka karɓa, ka bar Agege, ka nemi gida a Mafoluku ko Ajao Estate, gosulon Ikeja kaɗai ya isa ya sa a rubuta maka makara. Ka tanadi hayar shekara da kuɗin ejan.

Ɗan Funtuwa: Anti na gode. Ita yarinyar mai haƙuri ce ƙwarai, kuma a Funtuwa za ta zauna wajen Hajiya tukuna, in riƙa zuwa duk hutu.

Maman 'Yan Biyu: Wane hutun? Hmm. Allah ya ba ta lada.

Alhajin Mile 12: Tunda ga matuƙa a kusa, ku gaya mini, me ya sa za ku sayar wa mutum tikitin ƙarfe 10 na safe ku tashi da Magariba? Wancan watan ɗaurin auren 'yar ƙanena a Kano ya wuce ni ina zaune a MMA2, tashar jiragen cikin gida ta Legas, ko ruwa ba a ba mu ba. Ga kuɗin tikiti ya fi na buhun albasa uku.

Baba Kyaftin: Alhaji, ba matuƙi ke sa lokaci ba. Man jirgi tun 2022 ya yi tashin gwauron zabo, kayan gyara da dala, inshora da dala, har similatar da doka ta ce mu shiga duk wata shida galibi waje ake zuwa da dala. Jirgi ɗaya ke zagaya gari biyar, in ya makara a na farko ya makara a duka. Mu koma kan yaro. Ɗana, kada surutun nan ya ruɗa ka. Doka ta tsayar da matuƙi a awa 1,000 a shekara, a 737 za ka kusa cika su, a shata sai ka yi wata ba ka yi awa 30 ba. Shekara uku zuwa huɗu ka tara abin da ake nema. Kuma mutum yana shekara 65 yake ajiye aikin nan, lissafa da kanka.

Malam na Zango: Ka yi istihara, ka kuma shawarci mahaifinka tunda guminsa ne a ciki. Abu ɗaya zan ƙara: duk wanda za ka sa ya tsaya maka a takardar bashi, haƙƙi ne a karanta masa ita da harshen da yake ji.

Ɗan Funtuwa: Allah ya gafarta Malam, ai kawuna ne ya tsaya mini, ya riga ya sa hannu ranar Litinin, ni ma na sa. Sun ce in ba a mayar da takardar a mako ɗaya ba za a ba wani gurbin. Takardar ajiye aiki ce ban kai wa maigidanmu ba tukuna, ita nake jin nauyi, mutumin ya ɗauke ni lokacin da kowa ya ƙi ni.

Injiniya na Mafoluku: Inna lillahi. To shawarar me kake nema, bayan bakin alƙalami ya bushe? Kawun da ya cika kuɗin makaranta shi ka sake ɗaurewa? An karanta masa?

Ɗan Funtuwa: Yaya, ba fa a makance na yi ba. Na nuna wa wani abokina da ya shekara biyu a can, ya ce ba matsala, ba a taɓa bin kowa ba. Kawu kuma da kansa ya ce in kawo ya sa, ban tilasta shi ba. Ku ba ku san zaman shekara ukun nan ba, in na bar wannan ta wuce ban san ranar da wata za ta zo ba.

Na Doha: Babu wanda ya fi mu sanin zaman. Ka kai wa lauya kwafin ko yanzu, tun ba a kashe maka ko dala ɗaya a horo ba, wataƙila akwai ƙofa. Kuma kada ka ajiye aikinka sai an ba ka ranar fara kwas a rubuce. Na san waɗanda suka ajiye, aka yi ta ɗaga musu kwas wata tara, ba nan ba can.

Baba Kyaftin: Lauyan me? Ya je ya fara aiki da suna mai kai ƙara? Harkar nan ƙarama ce, duk manyan matuƙan Ikeja sun san juna, waya ɗaya ta isa. Ɗana ka yi daidai. Gobe ka sa kaya masu kyau ka je ka sami maigidanku ido da ido, ka yi masa godiya, ka ba shi wa'adin da ke cikin takardarku. Shi ma ya san ba a riƙe matashi a farfela.

Mai Jiran Rabo: Yaya Ɗan Funtuwa, don Allah in ka tashi tafiya ka ambace ni wajen maigidan naku. Ilori na gama, awata 210, shekara biyu ke nan ina gida, gwajin lafiyata zai ƙare watan gobe.

Injiniya na Mafoluku: Har yanzu dai ba a faɗa mana nawa ba ne, da dala ko da naira.

Ɗan Funtuwa: Takardar tana Agege, ni kuma ina Fatakwal, hadari ya tsare mu. In na koma zan duba.

Maman 'Yan Biyu: Ita amaryar fa, ka gaya mata maganar zaman Funtuwa, ko ita ma sai ka koma?