Waɗanda suka gwada haɗa kayan zaƙin Holan a gida, ku zo mu ji yadda ta kaya

Uwargida mazauniyar Rotadam:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekarata shida ke nan a ƙasar Holan, amma sai bana na yi ƙundunbalar haɗa kayan zaƙin mutanen nan da hannuna. Abin da ya ja ni shi ne oliebollen, wanda suke soyawa a daren 31 ga Disamba, kuma tun daga Nuwamba rumfunan masu sayar da shi suke cika bakin titi. Ranar da na fara ci sai da na yi dariya, domin fanke ne sak, sai dai an zuba masa zabibi da gutsattsarin tuffa, an kuma barbaɗe shi da niƙaƙƙen sukari. Wannan kamannin ne ya yaudare ni. Na kwaɓa da ƙiyasin ido kamar yadda muka saba, na bar mai ya yi zafi sosai, sai bayansa ya yi baƙi alhali cikinsa ɗanye ne sharaf. Wata dattijuwa maƙwabciyata ce ta gyara mini hannu: fulawa giram 500, madara mai ɗumi rabin lita, busasshen yis giram 7, ƙwai ɗaya, gishiri da sukari kaɗan, a rufe kwaɓin ya tashi na awa guda, sannan a soya kimanin minti shida a man da bai wuce digiri 180 ba. Ina roƙon duk wanda ya taɓa gwada wani abu daga cikin kayan zaƙinsu ya ba mu labarin abin da ya gani da idonsa.

Ɗalibin aikin gona a Wageningen:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Ni poffertjes ne ya fara tuna mini da gida, saboda tandarsa ta baƙin ƙarfe ce mai ƙananan ramuka irin ta masa, illa dai ramukan ba su da zurfi, kuma faɗin kowanne bai fi bakin ƙaramin kofin shayi ba. Asalin kwaɓinsa ana haɗa fulawa ne da garin wata tsaba da suke kira boekweit, a sa yis da madara da ƙwai. Kuskurena na farko shi ne jiran saman ya bushe kafin in juya, kamar yadda nake ganin mahaifiyata tana yi da masa, sai suka fito da tauri. Ashe ana juya shi da cokali mai yatsu tun saman yana da ɗan danshi, domin wannan danshin ne yake barin cikinsa da laushi. Da na je hutu gida na gwada shi a tandar ƙasa ta Innarmu, na maye boekweit da garin gero kashi ɗaya cikin huɗu, na zuba rabin rami kawai. Ya yi daɗi da bota da sukari, amma ƙannena sun ce masar madara ce, ban kuwa iya musa musu ba.

Mai sana'ar kek a Kano:

Malam ɗalibi, aƙalla kai an cinye naka. Ni appeltaart ne ya ba ni wahala, wato kek ɗin tuffa mai tsayi da ake yi wa saƙar kwaɓi a sama, wanda aka ce tun wajen shekarar 1514 akwai bayanin haɗinsa a wani littafin girki da aka buga a Brussels. Sau uku ina yi yana lalacewa, kuma duk laifin abu biyu ne, zafin garinmu da ruwan tuffa. Kwaɓin fulawa giram 300 ne da bota giram 200 da sukari giram 150 da ƙwai, to a watan Afrilu kafin in gama murza shi botar ta narke, ya zama kamar kunu a hannuna. Sai da na koma yin aikin bayan sallar asuba, ina sa kwaɓin a firiji rabin awa, sannan in danna shi da yatsu a jikin gwangwanin maimakon murzawa da muciya. Game da tuffa kuwa, su suna amfani da wata mai tsami da suke kira goudreinet, wadda ba ma samu a nan, kuma jar tuffar kasuwa zaƙinta ya yi yawa, tana sakin ruwa ta jiƙe ƙasan kek ɗin. Koriyar nan mai tsami ita ce ta fi kusa. Ina yanka kilo guda, in cakuɗa da kirfa da zabibi da ruwan lemon tsami da cokali biyu na garin kastad don ya shanye ruwan, in gasa a digiri 175 na awa ɗaya da 'yan mintoci. Ranar da aka ɗauke wuta ana tsakiyar gashi, na ƙarasa shi a babbar tukunya da yashi a kan gawayi, kuma abin mamaki ƙasansa ya fi gasuwa a ranar. Wanda ya yanka shi da zafi zai ga ya rushe, sai an bari ya huce sarai, kwana ma ya fi.

Uwargida mazauniyar Rotadam:

Dabarar garin kastad ɗin nan daidai take, 'yar'uwa, wasunsu ma garin busasshen burodi suke shimfiɗawa a ƙasa kafin su zuba tuffar.

Ma'aikaciyar jinya a birnin Hague:

Ina so in ja hankalinmu kan abin da ya shafi addini, domin na taɓa yin tuntuɓe a nan. Tompouce, wani kek mai kirim a tsakiya wanda suke shafa wa ruwan sukari mai launin lemo a Ranar Sarki, 27 ga Afrilu, sau da yawa ana sa jelatin, wato sinadarin da ke sa kirim ya kama jikinsa, a kirim ɗinsa, kuma yawancin jelatin da ake sayarwa a Turai daga fatar alade ake samo shi. Haka kuma boerenjongens zabibi ne da aka jiƙa a barasa, advocaat ma barasa ce da aka haɗa da ƙwai, ga shi ana zuba su a kan wasu kayan zaƙin. Shi ya sa na fi natsuwa da yi a gida, inda nake amfani da agar-agar da ake samu daga ciyawar teku, ko jelatin saniya daga shagunan Turkawa da 'yan Maroko. Sai dai agar-agar ba ya kamawa sai an tafasa shi, kuma kaɗan yake so, na farkon da na yi har ana iya dukan tebur da shi. A ɗaya gefen kuma, kada sunan spekkoek ya firgita kowa: spek na nufin kitsen alade, amma babu shi a ciki, kek ne mai hawa-hawa da suka samo daga zamansu a Indunusiya, kamannin layukan ne ya jawo masa sunan. Daga cikin na zamani, monchoutaart ya fi sauƙi, tunda ba a gasa shi: dakakken biskit da bota a ƙasa, cukwi mai laushi da aka buga da kirim a tsakiya, jajayen 'ya'yan ceri a sama, ya kwana a firiji.

Malamar makaranta a Zariya:

Anti, Allah ya saka da alheri da wannan tunatarwa. Ni ban taɓa zuwa Holan ba, atamfarsu da madarar Peak kaɗai na sani, ita ma daga baya na gane kamfaninta na asali na can ne. Da ita na yi vla, kastad ɗinsu mai ruwa-ruwa da suke sha bayan abincin dare. Na sirka madarar da ruwa ta kai lita guda, na dama kwanduwar ƙwai uku da garin sitacin masara giram 40 da sukari da banila, na riƙa zuba madarar mai zafi a hankali ina juyawa, domin da na juye gaba ɗaya a karon farko ƙwan ya dahu ya yi gudaji. Hangop kuwa bai ba ni wata wahala ba, tunda yogot ne ake ɗaurewa a ƙyalle mai tsabta a rataye har ruwan ya tsiyaye. Na yi da kindirmo mai kyau, na ci da zuma da mangwaro, maigida ya ce a riƙa yi lokacin buɗa-baki.

Ɗalibin aikin gona a Wageningen:

Saura stroopwafel na garin Gouda, wani siririn biskit mai zaƙi a tsakiya, wanda ake ɗorawa a bakin kofin shayi don tururi ya narkar da zaƙin cikinsa. Na ari ƙarfen gasa shi na gwada, kuma gaskiya ban yi nasara ba. Dole ne a raba shi biyu da wuƙa nan take yana fitowa daga wuta, a shafa haɗin narkakken sukari da bota da kirfa a tsakiya, ni kuwa kafin in daina hura yatsuna ya riga ya bushe, yana karyewa. Cikin guda ashirin huɗu kawai suka rabu lafiya. Hajiya, idan maƙwabciyarki ta san yadda ake riƙe shi ba tare da ƙona hannu ba, don Allah a tambayar mana ita.