Takin gurbi ko takin murfi? A taya mu neman Hausar microdosing

Salamu alaikum jama'a. Ina neman taimakon manoma da malaman Hausa na nan Sakkwato kan kalma guda, microdosing. Wata 'yar takarda muke rubutawa da za a karanta ma manoman hatsi kafin ruwa ya sauka, komi ya tafi daidai sai wannan kalma ta gagare mu, kuma ba ni son mu rubuta maikurodozin mu wuce kamar yadda anka saba.

Bari in fara bayyana abin don wanda bai san shi ba ya samu ta cewa. Maimakon ka watsa taki a gona gaba ɗaya, sai ka auna ɗan kaɗan ka sa cikin ramin da ka sara da sungumi lokacin shuka, ko ka tona gefen gindi ka sa bayan hatsi ya tsiro. Masu binciken ICRISAT, cibiyar duniya ta binciken amfanin gona a ƙasashe masu ƙarancin ruwan sama, a tasharsu ta Sadore kusa da Yamai su ne sunka fi yin aiki a kai tun shekarun 1990, daga nan ya bazu Mali da Burkina Faso. Awon da sunka tsayar shi ne giram 6 na kamfa 15-15-15 a kowane rami, kusan cikin murfin kwalbar lemo kenan, ko giram 2, wato abin da yatsu uku za su ɗauko, in takin DAP ne, wani takin zamani mai yawan fosfaras. In ka bar mita guda tsakanin rami da rami, hekta ɗaya na cin rami 10,000, kamfa kilo 60 kenan, buhu guda da ɗan ƙari. Dalilin da ya sa ɗan wannan yake aiki shi ne ƙasar jigawa irin tamu ta Gwadabawa da Illela da Tangaza ba ta da isasshen fosfaras, shi ne lambar tsakiya da ke jikin buhu, kuma shi fosfaras ba ya yawo cikin ƙasa, inda ka aje shi nan zai zauna, to in ka watsa shi nesa da saiwa jaririn hatsi bai isa ya kai gare shi ba, amma in yana kusa sai saiwa ta yi ƙarfi da wuri ta nutsa ta kamo danshi.

To mi za mu kira shi? Ga shawarwarin da mutane sunka riga sunka kawo, da abin da na gani a kansu.

Malam da ka ce a bar shi maikurodozin tunda mun karɓi kamfa da yuriya da sufa ba wanda ya mutu, na ji hujjarka kuma ba ƙarya ciki. Amma duba, waɗannan duk sunayen kaya ne da kake zuwa kasuwa ka nuna da yatsa a ba ka, ko ba ka san ma'anar sunan ba buhun na gabanka. Wanga kuwa aiki ne da mutum zai yi da hannunshi, in sunan bai gaya mishi komi ba to sai an tsaya an yi mishi bayani kowane lokaci, kuma malamin gona guda ƙauye nawa zai zagaya? Ga shi kana ƙetara Illela ka shiga Konni Faransanci ne, mikurodoz za ka ji. Hatsi ɗaya, ƙasa ɗaya, harshe ɗaya, aro biyu.

Wanda ya kawo "takin talaka", don Allah a'a. Ba manomin da zai tsaya bakin masallaci ya ce bana takin talaka na yi.

Hajiya ta ce "takin yatsa uku", sunan ya yi daɗin faɗi kuma mata da yara da ke bin sawun mai sungumi suna jefa iri su ne za su yi aikin, don haka ba abin rainawa ba ne. Matsalar ita ce yatsa uku awon DAP ne, shi kuwa DAP ɗin da ake shigowa da shi daga Maroko yawanci masana'antun haɗa taki yake tafiya, abin da manomi ke samu a kasuwa kamfa ne. In ya ɗebi kamfa da yatsu uku ya sa kashi ɗaya cikin uku na abin da ake so, hatsi bai nuna komi ba, sai ya ce malaman gona maƙaryata ne. Kuma ma a lura, kamfa 20-10-10 da ya cika kasuwa fosfaras ɗinshi bai kai na 15-15-15 ba, a riƙa duba buhu.

"Takin binne" kam ya ci karo da kalmar da muke da ita. Binne, ko bizne yadda tsofaffinmu ke faɗi, shuka ce a busasshiyar ƙasa kafin ruwa. Ka ce ma mutum takin binne zai ɗauka cewa anka yi ya haɗa taki da iri ya turbuɗe a watan zafi, alhali taki manne da iri cikin ƙasar da ba wadataccen danshi yana iya ƙone tsiron.

Saura biyu da mutane sunka fi rinjaya a kai, takin murfi da takin gurbi. Ƙanena da ya kawo murfi ya ce sunan na ɗauke da ma'auninshi, kowane gida akwai murfin kwalba, ba sai an nemi sikeli ba. Gaskiya ne kuma ni ma da farko can zuciyata ta karkata. Amma murfi na faɗin nawa ne, bai faɗin ina ba. Mutum na iya cika murfi ya barbaɗa saman ƙasa ya tafi, ya yi takin murfi kenan a wurinshi, iska ta kwashe rairayin da takin duka. Abin da binciken ya gano ba ƙarancin takin kawai ba ne, wurin da anka aje shi ne asirin. Gurbi kuwa kowa ya san shi, kuma kunnen manomi na jin takin gurbi zai gane kishiyar watsi ce. Sannan yana shiga magana ba tare da an ja shi ba: na yi ma hatsina takin gurbi, bana takin gurbi za mu yi ma dawa.

Yallabai da ka yi gargaɗin kada suna mai daɗi ya sa mutane su ɗauka an samu hanyar barin takin gida, na gode da wannan, don masu binciken da kansu sun yi wannan ƙorafi. Hatsin da ya samu takin gurbi yana girma ya fi na da, yana kuma zuƙar abincin ƙasa fiye da ɗan abin da ka sa mishi, in shekara da shekaru kana kwashe zangarniya da kara ba ka mayar da kashin awaki ko na shanu ba gonar sai ta ƙara mutuwa. Wannan ba suna ne zai gyara shi ba, dole mu rubuta shi ɓaro-ɓaro cikin takardar. Haka ƙarin wahalar, rami dubu goma kowane sai an duƙa mishi, a ranar shuka da kowa ke tseren kada danshi ya tsere.

Don haka ga yadda za mu sa: "Takin gurbi: cikin murfin kwalbar lemo guda na kamfa a kowane gurbi, a ture ƴar ƙasa a kai kafin a jefa iri, kada taki ya taɓa iri." Murfin bai ɓata ba kenan ƙanena, ya koma ma'auni. Mutanen Tahoua da Konni da ke biye da mu, in akwai sunan da manomanku sunka riga sunka laƙaba mishi a gona ku faɗa muna kafin a kai takardar wurin bugu, in naku ya riga ya kama baki shi za mu bi.