Kama da wane ba wane ba: yaji da asfirin

Ɗan Birni: Jama'a, ku raba mana gardama. Tun da Baba ya samu bugun zuciya, likita ya ɗora shi kan ƙaramin asfirin, miligiram 100 kullum. Yanzu wani a Kasuwar Dole ya ce masa sinadarin salisilat na cikin asfirin yana nan a kori da barkono da shayi, wai ya ajiye ƙwaya ya koma cin yaji. Na ce wa Baba kama da wane ba wane ba. Ya ce wannan magana ta mutane ce, ba ta magani ba.

Hajiya ta Zango: Ɗana, tsohonka bai yi ƙarya ba. Mu mun tashi muna jin ta in yaro ya ɗauko kamannin ubansa amma bai ɗauko halinsa ba.

Na Garin Malam: Hajiya, ai Bahaushe ba ya ɗaure karin magana a turke ɗaya. Duk inda kama ta ruɗi ido, ta zauna.

Mai jinya: Ta zauna daram, Malam. Akwai ƙananan ƙwayoyi cikin jini masu mannewa su haɗa gudan jini. Asfirin yana ɗauke da wani ɓangare da ake kira asetil, shi ke kashe aikin sinadarin da ke sa su mannewa, kuma ƙwayar da ya taɓa ba ta farfaɗowa har ta mutu, kwana 7 zuwa 10. Shi ya sa ɗan kaɗan ke isa. Salisilat na abinci ba shi da wannan ɓangaren, kuma abin da ke cikin miya bai taka kara ya karya ba. Don Allah kada Baba ya daina sha sai likitansa ya ce.

Hajiya ta Zango: To in haka ne, rigakafi ya fi magani, mu ma tsofaffi mu riƙa sha mana?

Mai jinya: A'a, Inna, nan kam karin maganar ba ta hau ba. Abin da ke hana gudan jini shi ke jawo zubar jini a ciki, musamman ga mai gyambon ciki ko hawan jinin da ba a shawo kansa ba. Kuma ba a ba yara masu zazzaɓi.

Ɗan Birni: Gobe da safe ni zan raka shi asibiti, ya ji daga bakin likita.