Jan mota a kan tirela da ƙaramar jif: wa ya taɓa yi?

Ɗan Ohayo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na sayi Corolla ta 2012 a gwanjo, ina so in kai ta tashar jirgin ruwa ta Baltimore a yi lodinta zuwa Kwatano. Daga Columbus wajen kilomita 650 ne. Masu ɗaukar mota sun tsawwala kuɗi, shi ne na ce bari in yi hayar tirela, ba irin tamu ta ɗaukar siminti ba, 'yar ƙaramar nan da ake ɗora wa mota ɗaya, in ɗaura a bayan RAV4 ɗina ta 2017. Wanda ya taɓa yi ya taimaka da labari.

Baban Yara, Bronx:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, buɗe littafin motarka tukuna. RAV4 irin taka fam 1,500 aka yarje mata ta ja, wato kamar kilo 680. Tirelar ɗaukar mota ta kamfanin haya na U-Haul, ita kaɗai ba kaya, fam 2,210 ce, tan guda ke nan. Ɗora Corolla mai kusan kilo 1,250, ka ga ka ninka abin da aka yarje maka sau uku har da ɗori.

Ni na taɓa yi, kuma tawa jif ɗin mai silinda shida ce, ta fi taka ƙarfi. Janta kam ta ja, har ina jin daɗi. Kuskuren da na yi, da baya na hau da motar, injinta ya koma can gindin tirela. Ina kai wani gudu sai na ji bayan motata ya fara rawa, tirela tana lilo dama da hagu, sitiyari yana hannuna amma ba ni nake tuƙi ba. Allah ya sa ban danna birki da ƙarfi ba, ƙafa kawai na ɗauke daga totur ina ta salati har ta lafa. A gefen titi na sauke motar na juyo da ita gaba, gwiwoyina suna karkarwa. Daga baya na gane kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin ya kamata ya hau kan ƙugiyar da ke bayan jif.

Ɗan Jamus:
Baba, da girmanka, amma nan kullum muna ganin ƙananan jif suna jan mota, har da tirelar doki. Akwai Tiguan da aka rubuta mata kilo 2,500. Na ɗauko motar matata da ta lalace a kan hanya da irinta, lafiya lau. Sai dai doka ta ɗaure mu: gudun kilomita 80 a awa, ko 100 in tirelar tana da tambarin izini. Duk tirelar da ta wuce kilo 750 sai da birkinta. In jimillar mota da tirela ta haura kilo 3,500, lasisin B na tuƙin ƙaramar mota bai isa ba, sai na sama da shi, B96 ko BE.

Baban Yara, Bronx:
Ai ka kawo hujjata da bakinka. Wa zai yi kilomita 80 a babban titin Amurka, manyan motoci suna wuce shi iskarsu tana jijjiga shi? Kuma hanyarsa ta ratsa tsaunukan yammacin Maryland, hawa da gangara ne zalla.

Bakaniken Ƙofar Ruwa:
Ku na Turai kuna ta kilo-kilo, mu nan igiya ce ko sandar ƙarfe, in da kuɗi a kira janwe. Amma ni ake kawo wa aikin daga baya. Ranka ya daɗe, ba injin ne ke fara mutuwa ba, giyabos ne. Man giyar otomatik ja ne. In ya sha zafin jan kaya sai ya yi baƙi yana ƙauri, bayan sati biyu mota ta fara jinkirin shiga giya, mai ita yana rantsuwa bai yi mata komai ba. Wadda ake ja da igiya ma, in otomatik ce tayoyinta suna ƙasa injin a kashe, famfon man giya ba ya aiki, ita ma giyarta ci take yi.

Direban Jos:
Malam ya tuna mini. Na taɓa jan motar surukina da igiya daga Jos za mu Akwanga. Shi yana ta baya, injin a kashe, birki ya yi tauri kamar dutse, sitiyari ma haka. Muna fara gangarar Hawan Kibo igiya ta saki, na hango shi a madubi yana tahowa. Sau biyu ya doki bambata. Birkina kuwa har hayaƙi, don ban sauko da giya ƙasa da wuri ba. Mun yi fiye da wata gaisuwa kawai muke yi.

Ɗan Ohayo:
Na gode, Allah ya saka. Na duba littafin, 1,500 ɗin ne kamar yadda Baba ya faɗa. Na yi tunanin 'yar ƙaramar mai taya biyu da ake ɗora gaban mota kawai, amma ita ma da Corolla a kai sun kusa kilo 1,600. Na kira wani mai ɗaukar motoci, ya ce in na haƙura zuwa Laraba zai haɗa tawa da wasu guda biyu ya rage mini. Baba, jirgin sai ƙarshen wata, ina ganin zan jira shi.