Neman shawara: bikin Kirsimeti zai riske mu a hanyar Gana, ya za mu yi wa abokinmu?

Ɗan Kawo:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Dan Allah shawara nake nema, musamman wajen waɗanda suka taɓa bin hanyar Legas zuwa Akra ta mota ko mazauna Gana da ke cikin gidan nan.

Mu huɗu ne abokai tun sakandare a Kaduna, biyu musulmi biyu kirista, mun daɗe muna cewa wata rana za mu saɓa jakar goyo kawai mu bi bakin teku har Gana, ba jirgi ba babban otal, duk inda dare ya yi mu nemi ɗaki mai araha. Bana dai Allah ya nufa, mun tara ɗan abin da muka tara, za mu bar Legas 21 ga Disamba mu juyo 3 ga Janairu. Amma gaskiya ba yawon ne kaɗai ya tashe mu ba. Ɗaya daga cikinmu, Dogo muke ce masa, mamansa ta rasu da daminar nan, kuma wlh matar nan ita ce bikin layinmu gaba ɗaya, tun ran 23 za ka ji ƙamshin cincin ya cika unguwa, ran 25 kafin azahar ta aiko ƙannensa gidanmu da kula cike da shinkafa da miyar kaza, kajin ma babanmu take aiko wa ya yanka don mu ci hankali kwance. Dogo ya ce min ba zai iya zama a gidan nan ran 25 yana kallon kicin ɗinta a rufe ba, shi ya sa muka matso da tafiyar.

Toh yanzu abin da ke damuna, bana so ranar ta zo muna zaune a ɗakin haya a baƙon gari kowa na latsa waya shi kuma yana haɗiye abu a ransa. Ina ya fi mu yi ranar, Akra ko mu yi gaba? Me za mu yi masa? Kuɗin namu ba yawa. Sannan maganar boda ma ban san kanta ba sam. Ngd.

Direban Seme:
Wa alaikumus salam ƙanina. Bari in ɗauke maka ta boda tunda ita ce sana'ata. Uku za ku tsallaka, Seme tsakaninmu da Benin, Hillacondji tsakanin Benin da Togo, sai Aflao wadda daga cikin garin Lome ma da ƙafa kake shiga Gana. Biza babu, ɗan ECOWAS yana da kwana 90, amma kowa ya riƙe fasfo ɗinsa da katin allurar shawara wato yalo kad, ku je ku yi allurar tun yanzu kar ku bari sai satin tafiya. Kuma duk bodar da kuka je ku tsaya a buga muku hatimin fita da na shiga da idonku, kar wani ya ce kawo fasfo in zagaya da kai ta baya. Na taɓa ɗauko wani yaro da ya yarda da irin wannan, a dawowa aka duba ba hatimin shiga, mu muka wuce muka bar shi yana rantse-rantse.

Ku bar Mile 2 da asuba, ku kwana Kwatano, akwai unguwar Zongo, Hausa za ku yi ta ji kamar kuna gida. Sefa ɗaya ce Benin da Togo don haka canji ɗaya ya ishe ku, sidi kuma, kuɗin Gana kenan, sai Aflao, kaɗan kaɗan, ku ƙirga a gaban mai canjin. Babbar magana dai ku tabbata kun shiga Gana ran 22 ko 23, ran 24 kowa gida yake nufa, mota tsada boda cunkoso.

Ɗan Nima:
Sannunku da zuwa tun kafin ku zo. Ni a Akra aka haife ni, gaskiyar da zan faɗa maka ita ce Disamba a nan ba wata ne na mai ƙaramin aljihu ba. Tun 2019 da gwamnati ta yi shekarar dawowa gida ta gayyato baƙaƙen fata na Amurka da sauran wurare, kowace Disamba garin cika yake, ɗaki a Osu ko Labadi kar ma ku tambaya. Ku nemo ta wajen Nima ko Maamobi, da safe ga koko da ƙosai, ga waakye wanda shinkafa da wake ne aka dafa da karan dafi a zuba shito wato miyar barkonon Gana, ga babban masallacin ƙasa a Kanda nan kusa da mu. Hausarmu za ta ɗan ba ku mamaki da farko, mace ma "ya zo" muke ce mata, amma za ku gane komai. Ku yi kwana ɗaya ko biyu a nan, amma ran 25 kam ni Takoradi zan ce, can ne biki yake fitowa kan titi kuma kallo kyauta ne.

Antin Bukuru:
Ɗana Allah ya yi maka albarka da wannan tunani, Ubangiji ya ta'azantar da Dogo. Ni zan yi magana ne a matsayin wadda ta ɗanɗana, shekarar da mamata ta tafi nima guduwa na yi, na tafi wajen ƙawata a wani gari ina ganin in na yi nisa abin ba zai bi ni ba, ai kuwa ana fara waƙar farko a coci na fashe da kuka har aka tashi. Saboda haka kada ku sa rai ganga da taro za su mantar da shi, ba za su mantar ba, kuma kar ku ji kamar tafiyar ta lalace in kun ga yana hawaye. Ku bar shi ya yi.

Abin da zan ce, da safe ya je sujada shi da ɗayan abokin naku, kowace coci ce a kusa ko da ba ya jin yaren. Kai da ɗan uwanka musulmi ku kuma ku shiga kasuwa ku dafa shinkafar nan. E, irin ta mamansa. Ka kira ƙanwarsa ko wata antinsa a ɓoye ta gaya maka yadda take haɗa miyar, ko ba ta yi daɗi kamar tata ba ba komai, ya dawo ya tarar an ɗora tukunya dominsa. Sannan ku sa a soya muku cincin daga gida ku zuba a roba mai murfi, yana sati biyu bai yi komai ba kuma ba nauyi a jaka. Kuma in kun dafa kar ku cinye ku kaɗai, ku zuba a kwano ku miƙa wa mai gadi da masu ɗakin kusa da ku, ai abin da marigayiyar take yi kenan.

Baban Ummi:
Ni tambaya ɗaya nake da ita kafin komai, mahaifinsa fa da ƙannensa? Shi babba ya sa ƙafa ya fita, su a bar su da wa a ranar? Wannan bai kwanta min ba. Na biyu ku musulmin ku kula da sallarku, kuna da sauƙin ƙasaru a hanya, kuma lokacin biki giya tana yawa a bakin teku, ku san inda za ku zauna. Nama kuma ku tambaya kafin ku saya.

Ɗan Kawo:
Baban Ummi na gode, tambayar a kan hanya take. Babansa zai tafi ƙauyensu wajen Kafanchan da yaran, can wajen kakarsu za su yi, kuma shi da kansa ya kira ni ya ce mu tafi da Dogo mu kula masa da shi. Da bai sa albarka ba da ba inda za mu. Anti kuma wlh ina karanta naki ina share ido, ban taɓa kawo maganar girkin a raina ba, ni duk tunanina ina za mu kai shi ya ga abin mamaki.

Ɗan Nima:
Maganar nama gaskiya ne, in kun ji an ce domedo to alade ne gasasshe. Amma masu cicinga, tsire kenan, yawancinsu mutanenmu ne na zango, ka yi sallama da Hausa za ka ji an amsa. Kuma zaman musulmi da kirista a nan ba abin ɗari-ɗari ba ne, babban limamin ƙasa Sheikh Usman Nuhu Sharubutu da kansa ya ziyarci cocin Katolika ta Christ the King a 2019 lokacin da ya cika shekara 100, ba wanda zai kalle ku don kun raka aboki ƙofar coci kun juya.

Mai Goro Takoradi:
Tunda an ambaci garinmu bari in sa baki. Abin da Ɗan Nima yake nufi shi ne Ankos, ƙungiya ƙungiya ce kowacce ta ɗinka kaya iri ɗaya masu launi kala-kala har da abin rufe fuska, yara da manya, masu busa ƙaho da ganguna a gaba su kuma suna rawa a baya, su bi titi su cika wajajen Market Circle ran 25 da 26, har da masu tafiya kan dogayen sanduna. Ba tikiti ba komai, ka tsaya gefen titi kawai, sai dai ka juyo da jakarka gaba ka riƙe waya da kyau.

Daga Akra a Kaneshie za ku hau mota, ku fita da sassafe saboda go-sulo na Kasoa, in hanya ta yi kyau awa huɗu zuwa biyar. Ɗaki kuma ku kama tun yanzu ku biya wani abu a ciki ku ajiye shaidar, baƙina sun taɓa yin bukin da baki kawai a wani gidan baƙi, suka iso da dare aka ce an ba wani, a shagona suka kwana kan buhuna. Ku tambaya ko suna da kicin ko za su bar ku ku hura kurfoti a tsakar gida, da yawa suna yarda. Kaza mai rai tana nan a kasuwa amma ku saya ran 24, kai da kanka ka yanka tunda babanka ne ke yanka wa marigayiyar.

Abu biyu zan roƙe ku. Teku, dan Allah dan Annabi iyakarku gwiwa, ruwan nan yana ja ta ƙasa kuma ku 'yan arewa ne ba ku saba da shi ba, ranar biki ba mai lura da wani. Na biyu gidajen da aka tsare mutane lokacin cinikin bayi na Cape Coast da Elmina suna kan hanyarku, na Elmina tun 1482 Turawan Fotugal suka gina shi, wuri ne da ya kamata kowa ya gani amma ɗakunan ƙasan nan masu duhu suna karya zuciya ko ga wanda ba ya cikin makoki, ku bar shi sai kuna dawowa wajen 28 ko 29, ku haɗa da gadar igiya ta dajin Kakum.

Antin Bukuru:
Na manta, daren 31 fa ku tuna Najeriya tana gaban Gana da awa ɗaya, ƙarfe 11 na dare a wajenku gida an riga an shiga sabuwar shekara. Ya kira babansa a lokacin, kar ya bari sai sha biyun can tsoho ya kwanta. A sa kati da data tun da rana.

Hajiyar Aboabo:
Ni ban ga abin da zai hana ku ƙaraso Kumasi ba, ga Kejetia ga zango, abinci ma ya fi araha. Amma in kwanakin ba za su kai ba ku bar shi, gajiyar mota tana sa abokai faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Kuɗin abinci da na mota ku haɗa a hannun mutum ɗaya yana rubutawa, na komawa gida kuma kowa ya ware nasa ya ɓoye kar a taɓa. Ku ɗau maganin sauro, bakin teku ba sanyin hunturu irin na Kaduna.

Ɗan Kawo:
Allah ya saka wa kowa da alheri, wlh kun sauke min nauyi. Mun zauna jiya mu uku ba Dogo, ga yadda muka tsayar: kwana ɗaya Kwatano, 22 mu shiga Akra, 24 da asuba mu wuce Takoradi, Cape Coast a dawowa, daren 31 a Akra. Hajiya Kumasi sai wani jiƙon insha Allah. Na kira ƙanwarsa ta ce mama ba ta sa tumatirin gwangwani da yawa, tattasai da albasa take cikawa kuma sai ta soya kazar tukunna take jefawa a miya, har ta ce ita za ta soya mana cincin ɗin da kanta, in je in karɓa ran 19 kar ya sani. Yalo kad kuma jibi za mu je.

Mai Goro dan Allah in ba damuwa ka duba saƙo na turo maka, ina so ka taya mu tambayar ɗakin da za su bar mu mu hura kurfoti, kuma ko za a samu aron tukunya babba wadda za ta ɗau shinkafar mutum goma.