Wane suna za mu ba "douleur incidente" da Hausa?

Ƴan uwa ma'aikatan jinya na Damagaram, ga inda muka kwana kan tambayar da na yi makon jiya.

Mai ciwon dajin da ya kai ƙashi, in yana kwance shiru, morfin, maganin kashe zafin da ake ba shi kowane awa 4, na riƙe shi. Amma a juya shi, ko a ɗaga shi zuwa bayan gida, ko a zo wankin gyambo, sai ihu. Da Faransanci muna da sunan abin, "douleur incidente". A gaban gado kuwa sai mu yi ta kame-kame, alhali mai jinyar da za ta koma da shi Mirriya ko Magarya ita ce ke buƙatar sunan, ba lokotoro ba.

Da farko na kawo "ciwon motsi". Wata yayarmu da ta daɗe a aikin ta ce: "Ƙanena, ka faɗi haka a Birni, za su ce ka ce tsohonsu ya motsu." Gaskiyarta, na janye. "Suka" da "zogi" kuma yanayin zafin suke faɗa, ba abin da ya tayar da shi ba.

Sai wani malamin Hausa ya jefo "fami". Nan na tsaya. Duk wanda ya taɓa yin tuntuɓe da yatsa mai miki ya san fami: ciwo na nan kwance, wani abu ya taɓa shi, ya tashi nan take, jim kaɗan ya lafa. Wani ya yi gardama cewa fami tsautsayi ne, wanka kuwa da saninmu muke yi. To ai nan amfaninsa yake, tunda famin da ka san lokacinsa kana iya tare shi. Morfin na sha mai saurin aiki yakan ɗauki kamar minti 30 kafin ya kama, don haka in an jira sai zafi ya zo, kafin magani ya fara aiki an gama wahalar. Shi ya sa ƙarin morfin da lokotoro ya rubuta, kafin wanka ake ba da shi.

Wannan ƙarin ne har yanzu muke jayayya a kansa. "Riga-kafi" ba zai yi ba, mutane allurar yara za su tuna. Ni na fi son "maganin tarye", kamar taryar baƙo a hanya.

Na gwada wa wata Hajiya mai jinyar mijinta: "Hajiya, ki ba Alhaji na tarye rabin awa kafin wanka, saboda raɗaɗin fami." Ba ta nemi ƙarin bayani ba, sai ta tambaye ni ko sujada ma fami ce.